Kyanwa Mai Fasfo

Kai jama'a, abin da ya faru a Kura da kakar shinkafar dubu biyu da shida! Har yau in aka tuno shi a gidan suna, sai wata ta ƙware da kunu.

Ranar wata Talata ce da hantsi. Sufeto Mukhtari yana zaune a ɗan ƙaramin caji ofis ɗinsu na hanyar kanal ɗin ruwan noman rani, yana duba wani fayil da ɓera ya cinye wa rabin shafi, yana ta tsaki. Sai ga wata tsohuwa ta faɗo, kwando a ka, jakar leda a hammata. Iya Rekiya ke nan ta unguwar marina, wadda duk garin aka san ta da abu biyu: faɗa da iya wankan jego.

"Wa ye babba a nan?"

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! An sace mini kyanwa."

Ta dire kwandon a kan tebur, ta ɗage faifai. Wata farar kyanwa mai baƙar jela da baƙin kunne ɗaya ta ɗago kai, ta yi hamma, ta koma barcinta.

Sufeto ya dubi kyanwa, ya dubi Iya.

"To Iya, wannan fa?"

"Ai ita ce ƙarar! Wannan ba Tawada ba ce. Musanya mini aka yi. Tawada kullum da safe sai ta jera mini ɓeraye a ƙofar ɗaki, reras, kawunansu waje ɗaya. Wannan kuwa yau a kan idona ɓera ya zo wucewa, matsa masa ta yi!"

Kofur Baballe, wani tsohon ɗan sanda mai tumbi da ya kusa ritaya, ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa.

"Iya," in ji Sufeto, "mu nan satar shanu muke bi, da rikicin ruwan gona. Ki samu wata kyanwar mana, ga su nan birjik."

"Au, haka za ka ce? Kai ba mijin Zuliha ba ne? Wa ya yi mata wankan 'yan biyu kwana arba'in cur? Bari in biya ta gidan in faɗa mata."

"Zauna, Iya. Kofur, ba ta kujera."

Ta zazzage jakar leda. Wallahi takardu ne tuli, da hatimi, da hoton kyanwa ta gaba da ta gefe.

Ashe ga yadda abin yake. 'Yar Iya ɗaya tal a duniya, Murja. Mijinta Injiniya Safwan, wanda da yake aikin raba ruwan kanal, an tura shi ƙasar Holan ƙaro karatun noman rani, ya tafi da ita. To ga Murja da cikin fari, watan haihuwa na ƙaratowa, ba uwa ba dangi, kullum kuka a waya. Aka ce Iya ta je. Iya ta rantse ƙafarta ba za ta taka jirgi ba sai da Tawada, don tun rasuwar malam ita ce abokiyar hirarta.

"Wata huɗu muna abu ɗaya, ɗan nan," in ji Iya. "Aka fara soka mata wani ɗan abu mai lamba a ƙeya. Aka yi mata allurar haukan kare. Na ce kyanwa ce, ina ruwanta da haukan kare? Aka ce doka ce. Da aka yi wata guda aka ɗebi jininta aka aika ƙasar waje. Ka ji fa, jinin kyanwa ya riga ni hawa jirgi! Sakamako ya dawo, aka ce kuma a jira wata uku. Ni takarduna biyu ne, nata bakwai."

"Yanzu me ya rage?"

"Duban ƙarshe. Yau likitan dabbobi zai zo daga Kano ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau. Da la'asar zai koma, gobe a buga hatimi, jibi jirgi. In bai sa hannu yau ba, shi ke nan. Wata kyanwar kuwa sai an sake wata huɗu. Kafin nan jikana ya fara zama, uwarsa ta yi jego da ruwan famfo!"

"Ki tafi ke kaɗai mana."

"Na rantse, na ce maka."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Ya san Iya, ya kuma san Zuliha.

Da suka isa gidan Iya, sun tarar likitan, Dokta Taufiq, ya iso, siriri da shi, da farar riga ƙal. Ya fito da wata na'ura mai kama da tocila.

"Wannan ita ke karanta lambar da ke ƙeyarta," ya ce. "In na kara ta, za ta yi ƙara, lamba ta fito. Haka za su yi mata a filin jirgi, nan da can. Ba hoto kaɗai suke dubawa ba."

Ya rungumi kyanwa, ya kara na'ura. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya shafa ƙeyar da yatsa, sai ya tsaya.

"Ikon Allah. Akwai wani abu a nan, amma a kan gashi yake."

Ya ɓanɓaro shi, ya ɗora a tafin hannu. Ƙwayar shinkafa ce guda ɗaya, doguwa, an manna ta da ƙaro!

Kafin kowa ya yi magana, Kofur ya ce, "Likita, dubi rigarka."

Gaban farar rigar nan ya zama shuɗi shar, duk inda jela ta goga. Kyanwar ta sake yin hamma, sai ga harshenta ma shuɗi.

Sufeto ya goga hankici a jelar, ya shinshina.

"Ruwan baba ne. Rina ta aka yi."

"Rina shi dai," in ji likita, bayan ya ɗaga jelar ya leƙa. "Yallaɓai, wannan muzuru ne."

Iya ta dafe ƙirji. "Muzuru! A ɗakina ya kwana!"

Sufeto ya juya ƙwayar shinkafar nan a hannunsa.

"Likita, ranar da ka sa mata lambar, ka yi wa mutane bayani?"

"Na yi, a tsakar gidan nan. Na ce ɗan abu ne girmansa kamar ƙwayar shinkafa."

"Su wa ke wajen?"

Iya ta lissafa. Akwai Raliya maƙwabciyarta mai suyar kifi. Akwai Hambali marini, shi ya riƙe kyanwar. Sai Alhaji Dattijo, ƙanin marigayi mijinta, mai siton shinkafa a ƙarshen layi.

Suka fara da Raliya. Tana bakin murhu, goyo a baya, tana juya kifi a kasko.

"Malama Raliya, yaya kike da Tawada?"

"Ni? Wayyo, ranka ya daɗe, kamar 'yar cikina. Da na ji za ta tafi, har abinci na kasa ci."

Sufeto ya dubi bangon kicin. An ja zane da gawayi layi-layi, an soke duka, saura biyu.

"Wannan fa lissafin mene ne?"

"Na... na azumin nafila ne."

"Azumin da zai ƙare ranar da jirgi zai tashi?"

Raliya ta ajiye matsami, ta gyara goyo.

"To tunda ka gani. Yallaɓai, kyanwar nan ta gallabe ni! In na juya in ba yaro nono, kifi ya tafi. Ba ƙanana take ɗauka ba, zaɓe take yi. Na yi alwashin ranar da ta bar ƙasar nan sai na yi sadakar waina. Ni zan ɓoye ta? Wallahi in an rasa mota, goya ta zan yi har filin jirgi."

"Munafuka!" in ji Iya ta kan katanga.

"Iya, gaskiya aka ce in faɗa."

Kofur ya buɗe wa Raliya kwando. Ta leƙa, ta kwashe da dariya.

"La! Wannan ai Sarkin Barci ne, na wajen injin casa. Fari ne fat. Wa ya yi masa kwalliya? Shi wannan ko kifi ka ajiye masa, sai ka tura masa baki."

"Na wa ne?"

"Oho. Can bakin kanal dai nake ganinsa, a kan buhuna."

Daga nan sai marina. Hambali yana tsugune a bakin rijiyar rini, hannayensa shuɗi har gwiwa, kamar yadda suke shekara arba'in.

"Malam Hambali, jiya wani ya ɗebi ruwan baba a nan?"

"Babu. Ko ƙuda bai taɓa rijiyata ba."

"To madalla. Ke nan aikinka ne."

Sufeto ya ciro muzuru ta ƙeya, ya ɗaga shi. Hambali ya miƙe, ya kama jelar, ya murza, ya dubi yatsunsa. Sai ya ɗaga murya.

"Aikina? Ni? Yallaɓai, ka zage ni da wani abin amma ban da wannan! Tsomi ɗaya aka yi masa! Baƙi na gaske sai ka tsoma, ka fitar ya sha iska, ka sake tsomawa, ka sake, har ya kama, sannan a kai shi bugu."

"A kai kyanwa bugu?" in ji Kofur.

"Misali nake ba ka! Rawunan da na rina suna can Agadas a kan manyan mutane. A ce ni na yi wannan dabbare-dabbaren? Dubi kunnen, ko cikin bai samu ba!"

"To in ba kai ba, wa?"

Hambali ya sosa ƙeya.

"Na yi alkawarin ba zan faɗi suna ba. Amma jiya da azahar wani ya zo da kwanon awo, ya ce in sam masa kaɗan, zai yi wa buhuna lamba. Da na san sana'ata zai wulaƙanta, da ban ba shi ba."

"Kwanon awon me?"

"Da ƙaiƙayin shinkafa a gindinsa dai. Kuma in ƙara maka: wanda bai saba ba, in ya tsoma hannu a baba, ya yi ta wanki da sabulu har mako biyu. Ba inda za shi."

Rana ta riga ta karkata. Dokta Taufiq ya duba agogo.

"Yallaɓai, da an yi la'asar zan kama hanya. In na wuce haka, takardar ba za ta samu hatimi gobe ba."

Daidai nan wayar Iya ta yi ƙara a cikin ƙullin zane. Murja ce. Iya ba ta iya rage murya ba, don haka duk marina sai da suka ji.

"Iya, bayana ya fara ciwo. Kina zuwa ko?"

"Ina zuwa, 'yar nan, in Allah ya so. Ki riƙe shi, kada ki kuskura ki haihu ban zo ba!"

Ta kashe waya, ta share ido da gefen mayafi, ta hau faɗa da Kofur wai tafiyarsa ta yi sanyi. Sufeto ya ƙara sauri.

Siton Alhaji Dattijo yana ƙarshen layi, dab da kanal, cike da buhunan sabuwar shinkafa shanshera har rufi. Tun daga nesa suka hango ya shige ciki da sauri, ya jima, sannan ya fito ya zauna a benci, ya baza babbar riga.

"Salamu alaikum, Alhaji." Sufeto ya miƙa masa hannu.

Alhaji ya miƙo na hagu. Na daman a naɗe yake da tsumma har wuyan hannu.

"A yi haƙuri, Yallaɓai, ɗan karkare ne."

"Ayya, sannu. A yatsa nawa?"

"Duka biyar."

"Allah ya sawwaƙe. Ka san wannan muzurun?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

Kofur ya sauke kwando. Sarkin Barci ya fito a hankali, ya yi miƙa, ya wuce kai tsaye ya haye wani buhu da ya riga ya lotsa daidai jikinsa, ya kwanta.

"Shi da alama ya san ka," in ji Sufeto.

Sai ya dubi ƙasa. A bakin ƙofar sito ga ɓeraye huɗu a kwance, reras, kawunansu waje ɗaya.

Iya ta saki salati.

"Tarko ne ya kama su," in ji Alhaji da sauri.

"Tarkon ne kuma ya jera su sahu?"

"Na waje ne. Ɗan Caina."

Gumi ya fara tsattsafo masa. Kuma jama'a, Alhaji Dattijo mutum ne siriri kamar karan dawa, amma ranar nan sai ga shi da tumbi ya fi na Kofur. Tumbin kuma yana motsi!

"Alhaji, cikinka ne ke tafiya haka?"

"Wake na ci."

Cikin ya yi wani juyi. Alhaji ya cije leɓe, ya ce "Wash!"

"Waken yana da farce ke nan," in ji Kofur.

"Likita," in ji Sufeto, "taimaka ka duba mana mara lafiya."

Dokta Taufiq ya matso da na'urarsa, ya kara ta a cikin Alhaji, ya ɗan zagaya. Sai ji aka yi ƙiiit! Lamba ta fito. Ya buɗe takardar Tawada, ya karanta ɗaya bayan ɗaya.

"Ita ce. Ko dai Tawada na cikin rigar nan, ko Alhaji ne za shi Holan jibi."

"Tawada!" in ji Iya. "Mus-mus, zo nan uwata!"

Ai kuwa sai rigar ta yi sama. Farar kyanwa ta faso ta wuyan riga, ta taka hular Alhaji, ta dira a kafaɗar Iya. Garin kare fuska, tsumman hannunsa ya warware. Hannu shuɗi shar har farce, ga yakushi ko'ina.

"Dattijo!" in ji Iya. "Kai da na goya ranar da aka kawo ni gidanku? Kai da na yi wa matarka jego bakwai?"

Alhaji ya zame daga benci ya durƙusa.

"Matar yaya, ki yi mini rai. Yallaɓai, zan faɗi gaskiya. Shekara uku sitona ko buhu ɗaya ɓera bai huda ba, saboda Tawada. Duk ɓerayen da take jera mata, daga nan take kwaso su. Kafin ita, wallahi har igiyar awo suka cinye. Guba ba ta yiwuwa kusa da abinci. Na samo wancan," ya nuna muzuru, "ɓeraye suka mayar da shi katifa. Ga shi an yi girbi, sito ya cika, sai kuma a ce za ta tafi?"

"Shi ne ka yi sata."

"Ni gyara na ga na yi! An ce can ƙasar ba ɓera, shi kuma ba ya son aiki, kun ga sun dace. Ita kuma nan aiki ya yi mata yawa a gaba. Na ce Turawa hoto za su duba, baƙar jela, baƙin kunne, su ce wuce."

"Shinkafar fa?" in ji likita.

"Kai ka ce kamar ƙwayar shinkafa. Ban yi ha'inci ba, likita, shinkafa Jamila na zaɓa, mai tsawo, ba karyayya ba."

Kofur Baballe ya zauna a kan buhu yana ta dariya.

Nan take a kan buhun shanshera likita ya duba Tawada: ido, haƙori, kunne, zafin jiki. Ya zaro biro ya sa hannu. Yana ɗagowa ladan na kiran la'asar.

"Alhaji, tashi mu je ofis," in ji Sufeto. "Sata da kuma yunƙurin tura muzuru ƙasar waje da fasfon wata."

"Matar yaya, ki sa baki mana!"

Iya ta gyara wa Tawada zama a kafaɗa.

"Na yafe maka, don darajar yayanka. Amma ɗan nan, ku riƙe mini shi sai kun ji jirgi ya tashi. Na san halin gidansu."

Haka aka tasa ƙeyarsa ta tsakiyar layi, hannu shuɗi, Kofur na biye da muzuru a kwando a matsayin shaida. Hambali ya fito yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ba rininsa ba ne. Raliya kuwa har guɗa ta rangaɗa, ta koma ta jiƙa shinkafar waina.

Ranar Alhamis jirgi ya tashi, ranar Lahadi Murja ta sauka lafiya. Mace, tubarkalla, ƙatuwa, mai gashi har goshi, aka sa mata Hidaya! Kuma a hannun kakarta ta fara kuka.

Sai dai Iya ta bugo wa Zuliha waya tana ta faɗa. Wai a filin jirgin can, da aka kara wa Tawada na'ura ta yi ƙara, har murmushi aka yi mata aka ce ta wuce. Amma ƙunshin ganyen darbejiyar wanka da daddawar da Iya ta ƙullo, aka karɓe su tas, wai ba su da takarda.

"Wata huɗu ina yi wa kyanwa fasfo," in ji ta, "ba wanda ya ce mini ganye ma sai da nasa!"

Alhaji Dattijo dai an sallame shi ranar Juma'a, ya ce ya bar wa hukuma muzuru har abada. Sarkin Barci ya samu wuri a kan fayilolin Sufeto.

Da safiyar Litinin Sufeto ya shigo ofis, ya tarar da ɓera zaune a gefen muzurun yana cin fayil ɗin shari'ar Tawada. Muzuru ya buɗe ido ɗaya, ya ɗan janye jela don kada ta tare wa baƙo hanya.

Sufeto ya daɗe yana kallonsu.

"Kofur."

"Yallaɓai."

"Wata nawa ma aka ce ana yi kafin a fitar da kyanwa ƙasar waje?"

"Huɗu, Yallaɓai."

"Kira likita. A fara masa yau."